Kumatun Hamma Buba Ba Na Ƙoshin Lafiya Ba Ne

Zuwa ga Mai Girma Darakta,
Shugaban ma'aikatar da yayana yake aiki,
Jalingo.

Ranka ya daɗe,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar girmamawa, da fatan kana lafiya, kai da iyalinka da dukkan ma'aikatan da Allah ya ɗora maka nauyinsu.

Ka yi haƙuri da hanyar da na biyo, ta buɗaɗɗiyar wasiƙa. Ban so in yi wannan magana a bainar jama'a ba. Sau uku ina zuwa ofishinka. Ranar farko aka ce kana taro, ta biyu aka ce ka fita duba aiki, ta uku kuwa na zauna a bencin bakin ƙofa tun hantsi har aka kira la'asar. Sakatarenka mutumin kirki ne, ya ba ni ruwa, ya ba ni haƙuri, amma bai iya shigar da ni ba. Yau Alhamis, takardarku kuma ta ce Litinin, saboda haka ba ni da sauran lokacin zaman benci. Ba zan faɗi sunan ma'aikatarku ba, ba kuma zan faɗi naka ba, domin ba tozarci ne ya kawo ni ba. Ka san kanka, ka kuma san fayil ɗin da nake nufi.

Sunana Dija, malamar firamare ce ni, ina zaune a unguwar Barade. Yayana uwa ɗaya uba ɗaya shi ne Malam Buba, malamin dabbobi a ƙarƙashinka, wanda mu a gida muke kira Hamma Buba. An ba shi takardar canjin wurin aiki, an ɗauke shi daga ofis an mayar da shi kara, wato kasuwar shanu ta Iware, an ce ya kama aiki ranar Litinin, in ba haka ba a ɗauka ya gudu daga bakin aiki. Wani zai ce mene ne ruwan malamar makaranta da taransifar ma'aikaci. Ruwana a ciki shi ne, ƙodar da ke aiki a jikin Hamma tawa ce. Daga kwiɓina aka ciro ta. Don haka takardar da kuka rubuta ba shi kaɗai ta taɓa ba.

Ga bayanina, a jere yadda zan iya.

NA ƊAYA. Shekara uku da suka wuce ƙodojin Hamma biyu suka daina aiki. Tsofaffin ma'aikatanku sun san yadda ya koma: ya yi baƙi, ya ƙanjame, ƙafafunsa sun kumbura har takalmi ya ƙi shiga. Muka yi fiye da shekara muna jigilar wankin ƙoda. Da aka gwada jinin 'yan'uwa, nawa ne ya dace. Aka yi mana aikin dashe a wani asibiti mai nisa da nan, Allah ya ba da sa'a. Da ya dawo, daraktan da ka gada ya karanta takardar likita, ya ajiye shi a ofis yana riƙe da rijistar allurar rigakafin dabbobi. Ba zaman banza yake yi ba. Ka tambayi duk wanda ya taɓa neman wani lissafin rigakafi a ofishin nan, zai gaya maka wa yake fito masa da shi cikin minti biyar.

NA BIYU. Wannan shi ne abin da na tabbata ba a yi wa kwamitinku da ya yanke a tura shi kara bayaninsa ba, ni ma ban san shi ba sai da wuya ta koya mini. Mutane sun ɗauka idan an yi dashe shi ke nan, an warke. Ba haka ba ne, Yallaɓai. Allah ya halicci jikin ɗan Adam da sojoji a cikin jini, su ne muke kira garkuwar jiki. Aikinsu su gane abin da ba na gida ba, su kashe shi. Su ne ke yaƙar mura da tari da ƙurji. To waɗannan sojoji ba su san zumunci ba. Ba su san cewa ni da Hamma nono ɗaya muka sha ba. A wurinsu ƙodata baƙuwa ce da ta hauro katanga, kuma daga ranar da aka dasa ta har ranar da Hamma zai koma ga Mahaliccinsa, ba za su daina neman halaka ta ba.

Shi ya sa likitoci suke ɗora mutum a kan magungunan da ke danne garkuwar jiki. Hamma yana shan iri uku. Yadda likitarsa ta fayyace mana, ɗaya yana toshe saƙon da ke tayar da sojojin, ɗaya yana hana su yawaita, na ukun kuma yana kwantar da kumburi da zafin faɗan. Biyu daga ciki safe da yamma ake shan su, awa goma sha biyu tsakani, ba a yarda a tsallake ba. Lokaci zuwa lokaci ana ɗibar jininsa a aika gwaji don a ga yawan maganin da ke ciki, domin idan ya yi kaɗan jiki zai ƙi ƙodar, idan ya yi yawa maganin da kansa zai ɓata ta. Ba masu dashe kaɗai ake ba irin wannan magani ba. A layin asibiti na haɗu da matan da sojojin jikinsu suka juya suna cin gaɓoɓinsu da fatarsu, da yaran da ƙodarsu ke yoyo jikinsu na kumbura, duk irinsa ake ba su.

Amma maganin bai iya zaɓe ba. Idan ya kwantar da sojojin, duka yake kwantarwa, har da waɗanda ya kamata su tare cuta. Murar da ni zan yi kwana uku in tashi, Hamma sai ta sauka a ƙirjinsa. Bara ɗan ƙwarzane ya ji a ƙafa wajen gyaran babur, abin da yarona zai goge da riga ya ci gaba da wasa, shi sai da ya kwana shida a gadon asibiti. Shi ya sa yake sa takunkumi a masallaci, shi ya sa ya daina shan nonon da ba a dafa ba, Bafulatani guda. Mun sha surutu a kan haka. Akwai dangin da har yau suke fushi don mun hana su cika masa ɗaki da sunan dubiya.

NA UKU. Yanzu na zo kan kumatu, kuma a nan ne raina ya fi ɓaci.

Na san dalilin da ya sa ka kafa kwamitin tantancewa, ban kuma ga laifinka ba. Akwai masu fakewa da ciwo su zauna ƙarƙashin fanka, ƙauyuka kuwa babu ma'aikata. Mu ma a makaranta muna da irinsu. Amma yadda kwamitin ya yi aikinsa shi ne abin kuka. Madam Rifkatu, abokiyar aikinsa da teburinsu ke kusa da juna, tana cikin ɗakin, ita ta ba ni labari, don shi Hamma ko da wasa bai faɗa mini ba. An tara masu takardar rashin lafiya, ana kiran suna ɗaya bayan ɗaya, mutum ya tashi a dube shi. Babu likita ko ɗaya a teburin. Da aka kira Hamma ya miƙe, sai shugaban kwamitin ya kwashe da dariya, ya ce, "Wannan ne mara lafiyan? Ai ya fi ni kumatu! Irin wannan wuya, kara ce ta dace da shi." Ɗakin ya ɗauki dariya. Fayil ɗinsa yana kan tebur, takardar asibiti tana ciki, ba wanda ya buɗe.

Yallaɓai, wallahi waɗannan kumatu ba na jin daɗi ba ne. Maganin nan na uku ne yake kawo su. Ka san ƙwayar da wasu 'yan mata ke saye a kemis don su yi ƙiba, wadda ake ce wa sha-ka-fashe? To danginta ne. Tana kumbura fuska ta yi zagaye, ta tara kitse a ƙeya da ciki, ta bar hannu da ƙafa sirara. Ta sa masa ciwon suga da bai taɓa yi ba. Da shugaban kwamitin ya ce ya naɗe hannun riga, da ya ga fatar da ta yi laushi, da tabon da ko gefen tebur ya buga sai ya fito. Mu mutanen nan mun saba, in muka ga mutum ya cika ya yi fes sai mu ce ya samu lafiya, ya ji daɗi. Ni kaina haka nake gaida mutane. Amma gaisuwar hanya daban, hukuncin ofis a kan ran mutum daban.

Za ka ce don me bai yi magana ba. Da ka san gidan da muka tashi da ba ka tambaya ba. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya raine mu a kan cewa namiji ba ya nuna ciwo a gaban mutane, ba ya kuma musu da na gaba. Hamma ya ɗauki wannan tarbiyya har ta yi masa yawa. Mutumin da ko lokacin wankin ƙoda in ka tambaye shi jiki godiya kawai zai yi wa Allah, shi ne zai tsaya gaban mutum ashirin suna dariya ya ce a duba fayil? Madam Rifkatu ta ce murmushi ya yi, ya ce to, ya zauna. Ita ce ma ta ɗaga hannu za ta yi magana, aka ce ba sunanta aka kira ba.

Da takardar taransifar ta fito, na kai kuka wurin jami'in ma'aikata. Ya ce takardar likitan ta tsufa, a kawo sabuwa. Na je na karɓo sabuwa, mai sa hannu da hatimi, na miƙa ta da hannuna, aka buga mini tambarin karɓa. Yau mako uku ke nan. Ban sani ba ko ta iso teburinka.

NA HUƊU. Kai ka fi ni sanin aikin kara, amma bari in faɗa don masu karatu. Malamin dabbobi a kara ba daga nesa yake kallo ba. Hannu yake zurawa a bakin saniya ya duba gyambo. Yana tsayawa kusa da hancin wadda ke tari, tana feso masa numfashi. Idan wata ta yi ɓari shi ake kira. Idan an yanka, shi yake buɗe huhu da hanta ya ga ko naman zai ciwu, kuma kowa a ma'aikatarku ya san akwai tarin fukan da ke tashi daga shanu ya kama mutum. Ga kashi, ga ƙuda, ga taɓon damina da ke kaiwa ƙwauri, ga jama'a daga ko'ina ranar kasuwa, kowa sai ya miƙo hannu a gaisa. Hamma ya yi shekara goma sha bakwai yana wannan aiki a Iware da Sunkani da ƙauyukan da mota ba ta shiga, bai taɓa kawo ƙorafi ba. Yana son aikin, har gobe in ya ji kukan shanu sai ya waiwaya. Amma wancan Buban yana da sojojinsa a tsaye. Likitarsa ta rubuta ƙarara cewa kada ya yi hulɗa da dabbobi marasa lafiya ko gawarsu, kuma wannan shi ne aikin gaba ɗaya.

NA BIYAR. Wannan ne ban so in rubuta ba, kuma na san Hamma zai yi fushi da ni in ya gani. Ya yi ta fushin, in dai yana raye.

Makon jiya ina aji, lokacin hutun tara ya yi yara sun fita, sai ga matarsa Hadiza a bakin taga, mayafinta a karkace. Ta miƙo mini wata ƙaramar leda. Ƙwayoyi ne a ciki, na Hamma, waɗanda ya kamata a ce tuni suna cikinsa. A aljihun tsohuwar rigarsa ta same su tana shirin wanki. Muka zauna a kan bencin yara muka ƙirga. Tun ranar da takardarku ta iso hannunsa ya daina shan maganin yamma, na safe kawai yake sha.

Na bar ajin na hau keke Napep na same shi. Ban san abin da na faɗa masa ba, na dai san maƙwabta sun leƙo. Da na gaji, sai ya yi mini bayani a hankali, kansa a ƙasa. Ya ce tunda dole ne ya je kara, ya ga gara ya rage maganin, sojojin jikinsa su ɗan farka kafin Litinin, ko ya iya jure wa cutar shanu. Ya ce rabi kawai ya rage, yana zaton ƙodar ta saba da shi, ta zama 'yar gida. Ka ji fa, Yallaɓai. Mutum mai ilimi, wanda ya yi rayuwarsa yana yi wa makiyaya faɗa a kan su cika allura. Ba jahilci ne ya kai shi ba. An matse shi ne tsakanin cutar kara da ƙin ƙoda, shi kuma ya zauna shi kaɗai ya yi lissafin da ba shi da mafita. Ya kuma ce mini, kuma wannan ne ya karya mini zuciya, ya gwammace komai ya same shi da a sake yi masa dariya a ce malalaci ne.

A ranar muka kai shi asibiti. Gwaji ya nuna dattin da ƙoda ke tacewa ya fara taruwa a jininsa. Sojojin sun farka kamar yadda ya so, amma ba shanun Iware suka nufa ba, ƙodata suka nufa. Likitar ba ta yi faɗa ba, ta dai cire tabarau ta daɗe tana kallonsa. Aka kwantar da shi kwana uku ana ɗura masa magani mai ƙarfi ta jijiya don a sake danne su. Shekaranjiya aka sallame shi. Ta ce akwai alamar an tare abin da wuri, amma sai gwajin mako mai zuwa za a sani. Ta kuma ce wani abu da nake so ka karanta sau biyu: saboda wannan magani da aka ƙara masa, a makonnin nan garkuwarsa ta fi kowane lokaci rauni tun bayan aikin dashen. Wato ranar Litinin da kuka zaɓa ta faɗo a daidai lokacin da ko tarin yaro zai iya kayar da shi.

Ina jin tsoro, Yallaɓai. Ba na iya cin abinci. Ina tsaye gaban allo sai in manta abin da nake koyarwa. Mahaifiyarmu tsohuwa ce, ba mu gaya mata ba, ta ɗauka zazzaɓi ne ya kwantar da shi. Idan wannan ƙoda ta tafi, komawa wankin ƙoda ne, kuma na ga yadda ya fito daga wancan karon da ƙyar. Idan kuma ya ƙi zuwa aka kore shi, albashin da ke sayen maganin ya tsaya, ƙarshen duk ɗaya ne.

Saboda haka ga roƙona, kuma ban roƙi abin da ya fi ƙarfin alƙalaminka ba.

Ka dakatar da wannan taransifa kafin a tashi daga aiki gobe Juma'a, a rubuce, a miƙa masa a hannu. Ba sai ka bar Iware babu ma'aikaci ba. Madam Rifkatu ta ce a tura ta a madadinsa, gonarsu tana can kusa, ta ma rubuta takardar neman musanya. Da na yi mata godiya cewa ta yi, "Malama, bar godiya. Wannan abu da aka yi ma Buba ba ta yi kyau ba, ni na gani da idona." Takardarta ma tana jiran sa hannunka.

Ka sa a nemo takardar likitar da na kawo, ka karanta da kanka. In kana shakka, ka zaɓi likitan da ka yarda da shi, kowane ne, ya duba Hamma ya duba gwaje-gwajensa. Duk abin da ya ce na yarda.

Sannan, don Allah, kada a sake tantance mara lafiya da ido. A sa likita a kwamitin. Ban san sauran waɗanda aka tayar a ɗakin nan ba, amma ba zan yi mamaki ba in akwai wani mai irin kumatun Hamma da ba shi da ƙanwa mai baki irin nawa. Shugaban kwamitin kuwa ba na neman a hukunta shi. Bai sani ba ne. In zai iya, ya taka ya je ya gaida Hamma, wannan zai yi masa maganin da babu shi a kemis.

Abu na ƙarshe. Jiya da hantsi na je duba shi, na tarar ya fito da dogayen takalmansa na roba, na aikin kara, ya wanke su ya kife a rana. Mutumin da filastar ƙarin ruwa ba ta gama barin hannunsa ba. Na kwashe takalman na sa a buhu na kawo gidana na kulle. Yau da safe Hadiza ta kira ni tana kuka, ta ce ya aika an aro masa wasu a wurin maƙwabci, ga su can a bayan ƙofa. Na roƙe shi, matarsa ta roƙe shi, likita ta hana shi, duk ya saurare mu da ladabi. Amma a wurinsa takardar ofis umarni ce, kuma takarda ce kaɗai za ta warware ta. Ni na yi iya abin da zan iya. In ba ka sa hannu ba, ranar Litinin da sassafe zai sa takalman aro ya tafi tasha, ni kuma ba ni da ƙarfin riƙe shi.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya raba ka da kwanciyar asibiti, kai da duk wanda kake ƙauna. Allah ya sa kada ka taɓa sanin sunayen waɗannan magunguna. Ya ba ka ikon yin adalci a kujerar da ya ɗora ka, ya sa ka sauka lafiya, ya kuma sa wannan takarda ta iso idonka kafin gobe ta wuce.

Wassalam, daga mai jiran amsarka,

Malama Dija,
ƙanwar Malam Buba,
Unguwar Barade, Jalingo.